Hidimar "Saya Yanzu, Biya Daga Baya" a Gidan da Albashi Ya Daina Isa

A cikin hidimomin kuɗi da suka bunƙasa a 'yan shekarun nan, da wuya a sami wadda ta shiga gidajen ma'aikata cikin sauƙi kamar wadda ake kira "saya yanzu, biya daga baya". Mutum zai zaɓi kaya a shagon intanet ko a kanti, idan ya zo biya sai a ba shi damar raba kuɗin gida huɗu: ya ba da kaso ɗaya nan take, sauran ukun kuma a riƙa cire su daga katinsa na banki bayan kowane mako biyu, har a kammala cikin mako shida ba tare da kuɗin ruwa ba. Kamfanonin da suka fi yin suna a harkar su ne Klarna, wanda aka kafa a Suwidin a 2005, da Affirm da aka kafa a Amurka a 2012, da Afterpay wanda ya fito daga Ostareliya a 2014, sai kuma PayPal da ya shigo da nasa tsarin a 2020. Ma'aunin da zan auna hidimar da shi guda ɗaya ne: me take yi wa iyalin da tattalin arziki ya juya wa baya, wato gidan da aka rage wa mai ɗaukar nauyinsa sa'o'in aiki, ko aka sallame shi, ko kuma albashinsa yana nan yadda yake amma farashin komai ya tsere masa?

Wannan ma'auni ya dace da ita, domin a cikin ƙunci ta girma. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020, shekarar da annobar korona ta tsayar da harkoki, duniya ta yi asarar kashi 8.8 cikin ɗari na sa'o'in aiki, abin da ya yi daidai da ayyukan cikakken lokaci miliyan 255. A wannan shekarar ce amfani da hidimar ya kusan ninkawa sau huɗu a Birtaniya har ya kai fam biliyan 2.7, kamar yadda binciken hukumar FCA mai kula da harkokin kuɗi a ƙasar, wanda Christopher Woolard ya jagoranta, ya nuna a watan Fabrairu na 2021. A Amurka kuwa, hukumar CFPB mai kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta gano cewa manyan kamfanoni biyar sun ba da irin wannan rance sau miliyan 180 a 2021, wanda jimillarsa ta haura dala biliyan 24, alhali a 2019 bai wuce dala biliyan 2 ba. Kafin iyalai su gama farfaɗowa daga annobar sai ga tsadar rayuwa, inda hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a Amurka a watan Yuni na 2022, ta kuma kai kashi 11.1 a Birtaniya a watan Oktoba na shekarar.

Adalci shi ne a fara da abin da hidimar ta yi daidai, kuma ba ƙarami ba ne. Ga wanda ya biya kowane kaso a kan lokaci, alkawarin rashin kuɗin ruwa gaskiya ne, abin da aka rubuta a kan kayan shi zai biya. Duk wanda ya san irin rancen da ake bai wa masu ƙaramin ƙarfi zai gane girman wannan. A Amurka, rancen nan na gajeren lokaci da ake biya ranar albashi yakan ci dala 15 a kan kowace dala 100 cikin mako biyu, wanda idan aka lissafa shi a shekara ya kusan kashi 400 cikin ɗari. Katin bashi na banki bai kai haka tsanani ba, amma ruwansa yana hawa kan ruwa muddin ba a biya duka ba, kuma mutane da yawa ba a ma ba su katin. Idan firji ya lalace a gidan da ke da ƙananan yara, ko tayar motar da ake zuwa aiki da ita ta fashe, ko yaro ya buƙaci takalmin makaranta saura kwana goma a biya albashi, raba kuɗin gida huɗu ba tare da ƙari ba taimako ne na gaske. Akwai kuma rufin asiri, wanda ba ya shiga lissafin masana amma yana da nauyi a zuciyar mai iyali. Ba sai ya je gaban ɗan'uwa ko abokin aiki yana sunkuyar da kai ba, ba sai ya yi wa kowa bayanin yadda aka yi ya kasa ba, cikin 'yan daƙiƙoƙi manhaja za ta amsa masa, ko da kuwa amsar ƙi ce babu wanda ya ji. Ina ganin wannan shi ne babban sirrin karɓuwar hidimar, kuma ban ga laifin wanda ya zaɓe ta saboda shi ba.

Tambayar da ta kamata kowane mai saye ya yi ita ce, idan ba a karɓi ruwa daga gare shi ba, daga ina kamfanin yake ci? Mafi yawan kuɗin yana fitowa ne daga kamashon da ɗan kasuwa yake biya a kan kowane ciniki, kuma kamashon ya fi wanda ake biya idan an yi ciniki da katin banki. Ɗan kasuwa ba zai yarda ya rage ribarsa a banza ba. Yana yarda ne saboda ya ga cewa mutumin da aka nuna wa rubu'in kuɗi ya fi saurin kammala sayayya, kuma ya fi ƙara kaya a kwando, a kan wanda aka nuna wa kuɗin gaba ɗaya, kuma da wannan hujjar ce su kamfanonin suke tallata kansu ga 'yan kasuwa. Saboda haka hidimar ba ta tsaya a tsakani ba, an gina ta ne domin a ƙara sayayya. A lokacin wadata ana iya kawar da kai daga wannan, amma a gidan da ake ƙirga kowane ƙwandala, abin da ake bukata shi ne abin da zai sa a tsaya a sake tunani kafin a danna, ita kuwa manhajar duk wani abu da zai sa a tsaya ta share shi daga hanya.

Asalin matsalar a ganina ita ce, abin da hidimar take bayarwa lokaci ne kawai, mako shida. Lokaci yana magance damuwar mutumin da kuɗinsa suke tafe amma ba su iso ba tukuna. Ba ya magance damuwar mutumin da kuɗinsa suka ragu, wanda abin da zai shigo masa a wata mai zuwa bai fi na wannan watan ba, wataƙila ma bai kai ba. Karayar tattalin arziki kuwa irin ta biyun take haifarwa. Ma'aikacin da aka mayar da shi aikin kwana uku a mako ba jinkiri ne ya same shi ba, giɓi ne, kuma giɓin zai sake dawowa kowane wata har sai aikin ya dawo ko an rage abin da ake kashewa. Wahalar ita ce, daga cikin gida ba a saurin bambance biyun. Kowa yana fatan cewa abin na ɗan lokaci ne, cewa za a kira shi aiki nan da mako biyu, cewa farashi zai sauka, kuma da wannan fatan ne ake danna maɓallin farko. Manhajar ba ta tambayar ko mutum yana da aiki har yanzu, abin da ta fi dubawa shi ne ko katinsa zai iya biyan kason farko da kuma yadda ya biya a baya.

Ɗan lissafi zai fayyace wannan fiye da dogon bayani. A ɗauka iyali suna yin cefane sau ɗaya a kowane mako biyu, kuma kuɗin cefanen 100 ne, ko da wane irin kuɗi ake lissafi. Idan suka fara raba shi gida huɗu, a karo na farko 25 za su biya, su ji sauƙi mai yawa. A karo na biyu za su biya 50, domin kason cefanen baya ya haɗu da na yanzu. A na uku 75. Daga karo na huɗu zuwa gaba kuwa, 100 cif za su riƙa biya kowane mako biyu, daidai da abin da suke biya kafin su san hidimar, sai dai yanzu akwai bashin 150 da ke biye da su a kowane lokaci. Sauƙin ya ƙare cikin mako shida, nauyin ya zauna. Ranar da suka yanke shawarar dainawa su koma biya hannu da hannu, a karo na farko 175 za su nema, sannan 150, sannan 125, kafin su dawo inda suka faro. Babu kuɗin ruwa ko tara a cikin wannan lissafi, kowa ya cika alkawarinsa, amma iyalin sun shiga wurin da fitarsa take buƙatar kuɗin da tun farko rashinsu ne ya shigar da su. Shi ya sa lokacin da Klarna da DoorDash, kamfanin kai abinci gida a Amurka, suka sanar da haɗin gwiwa a watan Maris na 2025, mutane da yawa suka nuna damuwa, kuma ina cikin masu ganin damuwar tana da tushe. Abin da ake cinyewa a dare ɗaya bai kamata a ci gaba da biyansa har mako shida ba, domin gobe ma za a buƙaci wani.

Lissafin da ke sama na kamfani ɗaya ne da sayayya iri ɗaya, amma a zahiri abin yakan fi haka rikicewa. Rahoton da hukumar CFPB ta fitar a watan Janairu na 2025 ya nuna cewa fiye da kashi uku cikin biyar na masu amfani da hidimar sun taɓa riƙe rance fiye da ɗaya a lokaci guda, kashi ɗaya cikin uku kuma sun ci bashin daga kamfanoni daban-daban, sannan kusan kashi biyu cikin uku na rancen ya tafi ne ga mutanen da tarihin biyan bashinsu yake da rauni. Tsawon shekaru yawancin waɗannan basussuka ba sa bayyana a rumbunan da ake ajiye tarihin bashin mutane, don haka wannan kamfani bai san abin da wancan ya bayar ba, kuma babu wanda yake ganin jimillar sai mai bashin kansa, idan har ya zauna ya tara ta. Kowane ciniki da ranakunsa uku masu zuwa, ciniki biyar ya zama ranaku goma sha biyar a warwatse cikin wata ɗaya da rabi, ko ɗaya ba a ɗaura ta da ranar albashi ba. Rana ba ta ƙarya, kuma a nan ranakun suna da yawa.

A wannan wurin ne nauyin yake barin aljihu ya koma kai da zuciya, kuma a nan nake ganin masu tallan hidimar ba su taɓa faɗin cikakkiyar magana ba. Wani bincike da Anandi Mani da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da Jiaying Zhao suka wallafa a mujallar Science a 2013 ya gwada manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya kafin girbi, lokacin da hannunsu babu kuɗi, da kuma bayan girbi, sai aka ga su ɗin dai sun fi kasa warware gwajin tunani a lokacin da suke cikin rashi. Damuwar kuɗi tana cinye wani ɓangare na hankali, ta bar kaɗan ga sauran al'amura. Wanda ya rasa aiki yana bukatar duk hankalinsa wajen neman wani, da tausasa zukatan 'ya'yansa, da tsara yadda za a rage kashewa ba tare da gida ya rikice ba. Idan aka ɗora masa aikin tuna ranaku goma sha biyar da duba ko akwai abin da zai ishi kowace a asusunsa, an ƙara masa kaya a daidai lokacin da ƙarfinsa ya ragu. Uwa za ta farka da dare ta duba waya, ba don wani ya kira ta ba, sai don ta tabbatar ko an cire kuɗin. Uba zai zauna da iyalinsa amma hankalinsa yana kan saƙon tunatarwar da ya shigo da rana. Yara ba su san lissafin ba, amma suna gane lokacin da amsar iyayensu ta zama gajera, kuma sukan daina neman abin da suke da haƙƙin nema.

Rufin asirin da na yaba a baya yana da ɗaya fuskar. Bashin da babu wanda ya ga an ci shi, bashi ne mai sauƙin ɓoyewa, har ga wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi. Miji yana da manhajarsa, mata tana da tata, kowanne ya raba wani abu gida huɗu da kyakkyawar niyya, don ya ɗauke wa ɗayan damuwa, kuma duka biyun daga albashi ɗaya za a cire. Ranar da abin ya fito fili, ba yawan kuɗin ne ke ɓata rai ba kamar jin cewa an ɓoye. Gidajen da ke cikin ƙunci sun fi kowa bukatar zama a yi lissafi tare, hidimar kuwa ta sa kowa yana iya yanke shawara shi kaɗai cikin daƙiƙa goma.

Sai batun cirar kuɗi kai tsaye, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro a tsarin gaba ɗaya. Iyalin da kuɗinsu bai isa ba suna da wata hikima da rayuwa ta koya musu, ta sanin abin da za a fara biya: haya, sannan wuta da ruwa, sannan abinci da kuɗin zuwa aiki, sauran kuma su jira. Cirar kai tsaye tana rushe wannan jeri. Kason rigar da aka saya wata guda da ya wuce zai fita daga asusu da asuba, kafin mai gida ya farka ya yanke shawarar cewa yau haya ce a gaba. Idan kuma babu isasshen kuɗi a asusun, banki na iya ɗora nasa cajin, ta yadda rancen da ba shi da ruwa zai jawo asara ta wata ƙofar. Hukumar ASIC mai sa ido kan kamfanoni da harkokin kuɗi a Ostareliya ta ba da rahoto a watan Nuwamba na 2020 cewa kashi 21 cikin ɗari na masu amfani da hidimar da aka tambaya sun makara wajen biya a cikin shekara guda, kashi 20 sun rage ko sun haƙura da abubuwan bukata na dole, har da abinci, domin su biya a kan lokaci, kashi 15 kuma sun ci wani bashin don su biya wannan. Adadi na biyun ya fi na farkon muhimmanci, domin yana nuna mutanen da a littafin kamfani ake ganinsu a matsayin abokan ciniki nagari waɗanda ba su taɓa makara ba, alhali da yunwarsu suka biya.

A kan tarar jinkiri kamfanonin sun bambanta, kuma ya kamata mai saye ya san bambancin. Afterpay yana cajin tara amma ya ƙayyade ta kada ta wuce rubu'in kuɗin kayan, kuma yana dakatar da asusun wanda ya makara har sai ya biya, matakin da nake ganin alheri ne ko da yake yana da zafi. Affirm ba ya cajin tarar jinkiri, sai dai rancensa mai dogon zango yana iya ɗaukar ruwa har kashi 36 cikin ɗari a shekara, don haka wanda ya saba da tsarin gida huɗu ya kula kada ya ɗauka duk zaɓin da aka nuna masa kyauta ne. Klarna ya fara cajin tara a Birtaniya a 2023 bayan ya daɗe ba ya yi a can. Alƙaluman CFPB sun nuna cewa kashi 10.5 cikin ɗari na masu amfani da hidimar a Amurka an caje su tara aƙalla sau ɗaya a 2021. Tarar kanta ba ta da yawa idan aka dube ta ita kaɗai, amma idan aka auna ta da ƙaramin rance na mako shida tana da tsada, kuma bashin da ya daɗe ba a biya ba ana iya miƙa shi ga masu karɓo bashi.

Mayar da kaya ma wuri ne da hidimar take da rauni. Cinikin ya ƙunshi ɓangarori uku, kuma idan kayan suka zo da aibi ko ba su zo ba, mai saye yana iya tsintar kansa yana jiran ɗan kasuwa ya tabbatar da mayarwa alhali ranar cire kaso na gaba tana matsowa. A Birtaniya, sashe na 75 na dokar bashin masu sayayya ta 1974 ya ɗora wa mai ba da katin bashi alhaki tare da ɗan kasuwa a kan sayayyar da ta haura fam 100, amma wannan kariya ba ta shafi rancen gida huɗu ba a duk shekarun da ya yi yana bunƙasa.

Akwai kuma abin da iyali ba sa hangowa sai ya faru, wato ƙofar tana iya ƙuntata a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Kamfanonin da kansu rance suke ci su ba da rance, kuma lokacin da Babban Bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifiri a watan Maris na 2022 zuwa sama da kashi 5 cikin ɗari a 2023, harkar ta girgiza. Darajar Klarna ta faɗo daga dala biliyan 45.6 a 2021 zuwa dala biliyan 6.7 a watan Yuli na 2022, kuma kamfanin ya sallami kusan kashi 10 cikin ɗari na ma'aikatansa a wannan shekarar. Affirm ya sallami kashi 19 cikin ɗari na nasa a watan Fabrairu na 2023. Apple ya shigo harkar a 2023 ya fice a 2024. Kamfanin da ke cikin matsi yakan tsaurara sharuɗɗa, kuma tunda a kowane ciniki ake sake yanke hukunci, amincewar jiya ba ta lamunce ta yau. Iyalin da suka kai matakin nan na biyan 100 suna ɗauke da bashin 150, idan aka ƙi su a ciniki na gaba, ba su suka zaɓi ranar fita ba, an zaɓa musu.

Yana da amfani a kwatanta hidimar da wadda ta gada. A zamanin babbar karayar tattalin arziki ta shekarun 1930, kantuna a Amurka sun yaɗa tsarin ajiye wa mutum kaya, ya ba da kafin alƙalami, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, sai ya kammala sannan ya ɗauka. Walmart, babban kamfanin kantuna na Amurka, ya daina wannan tsari a 2006, ya dawo da shi a 2011 lokacin da iyalai suke fama da raɗaɗin rikicin kuɗi na 2008, sannan ya sake ajiye shi a 2021 ya koma ga Affirm. Tsohon tsarin bai da amfani ga wanda firjinsa ya mutu yau, wannan gaskiya ne, kuma a nan sabon ya fi shi nesa ba kusa ba. Amma a tsohon, wanda aka sallama daga aiki a tsakiyar biya yana iya janyewa a mayar masa da mafi yawan kuɗinsa, ya rasa kayan kawai. A sabon, kayan suna hannunsa, wataƙila an riga an sa su ko an cinye, bashin kuma yana nan. Haɗarin rasa aiki, wanda a da kanti da mai saye suke raba shi, yanzu ya koma kan mai saye kusan gaba ɗaya.

Hukumomi sun makara amma sun fara motsi. Ostareliya ta shigar da hidimar ƙarƙashin dokar ba da bashi daga watan Yuni na 2025, Birtaniya ta tsayar da watan Yuli na 2026 don hukumar FCA ta fara sa ido a kanta, sabuwar dokar Tarayyar Turai da aka amince da ita a 2023 kuma an tsara ta fara aiki a watan Nuwamba na 2026. A Amurka an yi gaba an dawo baya, domin ƙa'idar da CFPB ta fitar a 2024, wadda ta ba masu saye wasu haƙƙoƙi irin na masu katin bashi, an janye ta a 2025. Ina goyon bayan a tilasta wa kamfanoni su duba ko mutum zai iya biya kafin su ba shi, ko da yake na san wasu iyalai za a juya musu baya a ranar da suke cikin bukata, kuma doka ba ta tanadar musu inda za su nufa ba.

Hukuncina a kan hidimar ya rabu biyu gwargwadon halin gidan. Ga wanda aikinsa yake tsaye, albashinsa yana zuwa a ranar da aka sani, kuma abin da zai saya abu ne guda ɗaya mai ɗorewa wanda rashinsa zai jawo asarar da ta fi kuɗinsa, ina ba da shawararta ba tare da jinkiri ba, kuma ta fi katin bashi da rancen ranar albashi. Sharaɗin shi ne a riƙe rance ɗaya kacal a lokaci guda, a kamfani ɗaya, a rubuta ranakun biyan a inda miji da mata za su gani tare, kuma kada a haɗa ta da katin bashi, domin yin haka biyan bashi ne da bashi mai ruwa. Ga gidan da aka rage wa albashi ko aka rasa aiki kuwa, ban ga ta dace da abinci, ko kuɗin wuta, ko duk abin da ake sake saye kowane mako ba, komai tsananin matsin ranar. Wanda ya riga ya shiga kuma ya ga ba zai iya biyan kaso na gaba ba, ya tuntuɓi kamfanin kafin ranar ta zo, domin da yawansu suna ba da damar ɗage ranar biya ko shiga tsarin sassauci ga wanda ya faɗa cikin wahala, kuma sun fi sauraron wanda ya yi magana da wuri. A ƙasashe da dama akwai ƙungiyoyin da ke ba da shawara kan bashi kyauta, irin su StepChange da Citizens Advice a Birtaniya, kuma abu na farko da za su nema shi ne a tara duk basussukan a takarda ɗaya, a sa haya da wuta da abinci a sama, sannan a tattauna da masu bin sauran.